Kurakuran da ma'aikata suka fi yi idan sun tashi rage ƙiba da motsa jiki

Tun shekarar 2019 nake zuwa wani ƙaramin gidan motsa jiki da ke kan titin Sakkwato a Zariya, tsakanin Kwangila da Samaru, kuma na ga zuwan sababbin fuskoki da ɓacewarsu har na daina ƙirgawa. Sukan cika wurin a farkon Janairu da kuma bayan babbar sallah, kowa da sabon takalmi da gorar ruwa, amma kafin sati uku sai ka nemi mutum ka rasa. Yawancinsu ma'aikata ne irina: ma'aikatan bankunan unguwar PZ, ma'aikatan jinya daga asibitin koyarwa na Shika, malaman jami'a, da 'yan kasuwar Sabon Gari waɗanda ba sa rufe shago sai bayan isha'i. Abin da ke ci mini rai shi ne kurakuransu iri ɗaya ne a kowace shekara, kuma biyu daga cikinsu ni ma na tafka su, sun ci mini kuɗi, sun kuma kusa cin lafiyata.

Na farko shi ne ƙoƙarin biyan bashin shekara goma a cikin sati ɗaya. A 2018 nauyina ya kai kilo 104, ina aikin lissafi a wani kamfanin rarraba kaya, ina fita ƙarfe bakwai na safe, ba na dawowa sai wajen takwas na dare. Ranar da likita ya auna jinina ya ce ya hau, tsoro ya kama ni, washegari na je na biya kuɗin wata shida a wani gidan motsa jiki. A ranar farko na yi minti arba'in a kan na'urar gudu, na ɗaga ƙarfen da ɗalibai 'yan shekara ashirin ke ɗagawa, na ƙara da tsallen kwaɗo, mai horarwar yana tsaye a kaina yana cewa, “Ƙara biyar, Yallaɓai, zafin nan shi ne maganin.” Na koma a rana ta biyu da ta uku duk da cinyoyina sun ɗaure. A rana ta huɗu na kasa yin ruku'u, a zaune na yi sallar asuba, kuma da na shiga bayi na ga fitsarina ya koma kalar shayin da ba madara. A asibiti aka yi mini bayani cewa idan aka wahalar da tsokar da ba ta saba ba fiye da kima, takan farfashe ta saki wani sinadari cikin jini wanda ke iya toshe ƙoda. Kwana uku na yi a kwance ana ƙara mini ruwa. Gwiwata ta hagu kuwa sai da ta yi wata huɗu kafin na iya hawa bene ba tare da dafa bango ba, kuɗin wata shidan nan kuma ya tafi a kan zuwa uku.

Saboda haka idan na ga magidanci mai tumbi ya shigo ranar farko ya nufi ƙarfe mafi nauyi domin kada yara su raina shi, raina yakan ɓaci ƙwarai. Malam, ba wanda ya zo kallonka. Jikin da ya shekara goma a kan kujera da bayan sitiyari ba zai zama na ɗan ƙwallo a kwana uku ba, kuma jijiyoyin gwiwa da na baya sun fi tsoka jinkirin sabawa da wahala. Duk mai horarwar da bai tambaye ka shekarunka ba, bai tambayi ko kana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon baya ba, ya dai ce ka hau na'ura, to ka riƙe kuɗinka ka nemi wani. Ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba abin damuwa ba ne, amma ciwo a cikin gaɓa, ko ciwon ƙirji, ko jiri, ko fitsari ya yi duhu, waɗannan na asibiti ne a ranar, ba na shafa man zafi ba.

Da na warke, da tafiya kawai na sake farawa, minti ashirin bayan sallar asuba, har tsawon sati uku ban taɓa ƙarfe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a sati, tare da kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Idan ka raba, minti talatin ne a kwana biyar. Matsakaici kuwa shi ne saurin da za ka iya magana da abokin tafiyarka amma numfashinka ba zai bar ka ka ja doguwar hira ba. Ni sai da na yi wata biyu kafin na kai wannan adadi, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Batun lokaci shi ne kukan kowa, kuma kuka ne na gaskiya, amma akasari tsarin ne ba daidai ba. Mutum yakan ce zai je bayan an tashi aiki, alhali shi kansa ya san ba shi ke da ikon lokacin tashinsa ba: maigida zai kira taro, lissafi zai ƙi daidaituwa, a Kwangila a tarar da cunkoso, ga magariba ta kawo jiki. Sa'ar da ba mai iya ƙwace mini ita ce wadda ke tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai, don haka na daina komawa barci bayan masallaci. Litinin da Laraba da Asabar nake zuwa gidan motsa jiki, minti arba'in da biyar kacal, jakata kuma tun dare take a bakin ƙofa. Sauran ranakun nakan sauka daga keke napep tun da sauran tafiya, in ƙarasa wurin aiki da ƙafa. Wannan tsarina ne, ban ce dole ya zama na kowa ba, mai aikin dare a asibiti sai ya nemi tasa sa'ar bayan ya samu barci. Amma kada wanda ke zaune a Ɗanmagaji ko Tudun Wada ya biya kuɗi a Samaru don an ce can ne ake da na'urori masu kyau, domin nisan kaɗai zai kashe masa gwiwa kafin wata ya ƙare.

Kuskure na biyu ya fi na farko daɗewa a jikina, kuma shi ne ya fi yawa a cikin ma'aikata, wato yini da yunwa sannan a rama da dare. Kusan wata bakwai na yi ina motsa jiki yadda ya kamata, sikeli bai motsa ba. Ba na karyawa da safe, da rana in sha lemon kwalba ɗaya da biskit a kan tebur, ina jin cewa na yi ƙoƙari. Idan na taso da dare yunwa ta gama cina, sai in tsaya wurin mai shayin unguwarmu, da ya hango ni ya ce, “Yallaɓai, kamar kullum?” Kamar kullum ɗin nan indomi biyu ne da ƙwai uku a cikin mai, da rabin burodi da bota, da kofin shayi mai kauri da madarar gwangwani da suga. In isa gida in tarar an ajiye mini tuwo a kula, in ci don kada ran uwargida ya ɓaci, in kwanta.

A yi lissafin da kyau, domin a nan mutane suke yaudarar kansu. Tafiyar minti talatin da sauri ba ta ƙone abin da ya wuce kalori 150 zuwa 200 ga yawancin mutane (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga kimanin giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu, kalori wajen 200 ke nan, kuma wannan shi ne iyakar sugan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce a yini guda. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mai shayi kuwa ba ya awo da cokali, tuttulawa yake yi. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kalori 7,700. To ta yaya mutum zai yi gumin rabin sa'a da safe, ya sha lemo biyu da rana, ya zauna gaban tsire da masa da dare, sannan ya zo yana cewa ƙibarsa ta gado ce, ko jininsa ne ba ya karɓar atisaye? Gado yana da nasa tasirin, ban musa ba, amma ka fara rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana bakwai, har da gyaɗar da kake watsawa a ofis da raken da kake sha a majalisa, kafin ka ɗora wa iyayenka laifi.

Gyaran bai fara daga gidan motsa jiki ba, daga ɗakin girki ya fara. Na zaunar da matata na ce, “Maman Abba, likita ya yi magana, kuma ni kaɗai ba zan iya ba sai da hannunki.” Ta ce, “Ai da ka faɗa tun farko, Baban Abba, da ban riƙa cika maka kula ba.” Maza da yawa suna ɓoye wa iyalinsu cewa suna neman rage ƙiba, sai su riƙa barin abinci a kwano, a yi ta zargi da fushi a gida a kan abin da magana ɗaya za ta warware. Tun daga ranar nake karyawa kafin in fita, ƙwai biyu dafaffe ko alala, da koko ba suga. Abincin rana daga gida nake tafiya da shi: wake da 'yar shinkafa, waken ya rinjaya, ko faten tsaki da aka cika wa rama da yakuwa, ko kwaɗon zogale. Mu Zazzagawa da ake yi wa tsiya da fate, ashe muna riƙe da abincin da ya fi dacewa da wannan aiki, in dai ba a malale shi da mai ba. Da dare malmala ɗaya ta tuwo da miya mai yawa, maimakon uku. Ban yarda da masu cewa a haramta tuwo da shinkafa gaba ɗaya ba, domin na ga masu yin haka, wata ɗaya suke daurewa su dawo su ci na baya. Lemon kwalba kuwa na bar shi ɗungurungum, zoɓo da kunun aya ma sai wanda aka yi a gida na ga adadin sugan da aka zuba. Da wannan wani satin nakan sauke kimanin rabin kilo, wani watan kuma ba komai, har na sauke kilo 18 a cikin shekara biyu.

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp da bakin tasha, mafi yawansa maganin wankin ciki ne irin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Ruwa ne ke fita ba kitse ba, da ka sha ruwa nauyin ya dawo, abin da zai rage maka shi ne murɗar ciki da kasala a wurin aiki. Haka masu naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi a cikin zafin Afrilu don su yi gumi, gumi ba narkakken kitse ba ne, kuma a bazarar Zariya wannan hanyar faɗuwa ce. Atisayen ciki ɗari a kullum ba zai zaɓi kitsen tumbi ya ƙone ba, jiki daga ko'ina yake ɗiba idan abin da ake ci ya ragu. Garin ƙarin tsoka mai tsada da ake sayarwa a cikin roba ba ka buƙatarsa, wake da ƙwai da kifi da awara da nono sun wadatar. Mata kuma su daina tsoron ƙarfe, ɗaga matsakaicin nauyi sau biyu a sati ba zai ba mace damtsen ɗan dambe ba.

Hawa sikeli kullum ma kuskure ne da ke karya zuciya, domin nauyi yakan hau ya sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa da gishiri kawai. Ni safiyar Juma'a kaɗai nake aunawa, sannan sau ɗaya a wata in zagaya tef ɗin tela a cikina daidai cibiya. Abin nema shi ne awon ya gaza rabin tsawon mutum. Barci kuma ba a wasa da shi. Wanda zai tashi asuba ya motsa jiki ya yini a aiki, amma ya kai sha biyun dare a kan waya ko kallon ƙwallo, yunwa da kwaɗayin zaƙi za su yi ta damunsa washegari. Sa'a bakwai ake so, ni ƙarfe goma nake kashe waya. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kada ya rage abinci ko ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis don rage ƙiba sai ya yi shawara da likitansa, domin suga na iya faɗuwa ƙasa a tsakiyar atisaye.

Akwai kuma masu ɓacewa saboda kunya. Aikin ƙarshen wata ya riƙe mutum, ko an yi rasuwa, ko biki ya kai shi Kano, ya rasa sati biyu, sai ya ga kamar komai ya rushe, ya ce bari sai sabuwar shekara. Ni kaina a kowane ƙarshen wata nakan rasa kwana huɗu ko biyar saboda rufe lissafi, a watan azumi kuma tafiya kawai nake yi bayan tarawihi. Duk lokacin da na dawo, nakan rage nauyin ƙarfen zuwa rabin inda na tsaya, in yi sati ɗaya a haka, a sati na biyu in koma inda nake.