Kafin ka sa wa ordinaterka katin girafik a Damagaram, fara lissafa wutar da zai ci

Bara da bazara, cikin watan Afrilu lokacin da zafi ke haura 40 tun kafin la'asar, ƙanena ya dawo daga Kano da katin girafik okaziyo RX 580, wato katin da ke zana hotunan wasa a ekran, a cikin leda, murna fal, yace Yaya yau sai mun buga GTA yadda ake bugawa. Ya cusa shi cikin ordinater ɗin gida wadda alimantasiyonta, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, irin marar sunan nan ce da in ka ɗaga ba ta fi burodi nauyi ba amma an rubuta wat 500 a jikinta, wayar nan mai baki 8 da katin ke buƙata ma babu sai da ya yi haɗi da wata ƴar waya. Kwana 3 ta yi. Ran na huɗu aka ɗauke kuran aka maido da ƙarfi, sai muka ji ƙauri, ekran ya yi baƙi, alimantasiyo ta ƙone kuma ta ja kartmer, babban faifan da ake jona duk kayan a kansa, ta tafi da ita. Wallahi abin ya min ciwo don na san yadda yaron nan ya tara kuɗin, jika ɗaya jika biyu, wata da watanni. Shi ya sa nake so duk mai niyyar ƙara wa mashin ɗinsa ƙarfi don wasa ya zauna da biro da takarda tukun.

Abu na farko ka nemi wat ɗin katin da kake so, wato yawan wutar da yake ci, kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta, a waya ma kana gani. GTX 1050 Ti da GTX 1650 wat 75 suke ci kuma yawancinsu ba sa neman wata waya daban, daga kartmer suke shan wutarsu. GTX 1660 Super 125, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, shi kuma RX 580 da ya cika kasuwa don arha 185 yake ci. RTX 4060 duk da ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba 115 kawai yake ci, to ka ga tsohon kati arha ne a hannun mai shago amma a gida shi ne mai ci. Manya irin RTX 3080 mai 320 ko RTX 4090 mai 450 ni dai ba zan ba ɗan uwana na Birni ko Zango shawarar ya taɓa su ba sai in ɗakinsa da kilim da batura masu kyau.

Sai ka haɗa da sauran kaya. Proseser, wato ƙwaƙwalwar mashin, irin Ryzen 5 5600 ko i5 na matsakaici ka sa masa 65, kartmer da RAM da disk da ƴan fankokin ciki ka ba su kamar 40, ekran mai inci 24 kamar 30. Akwai kuma asarar da alimantasiyo ke yi wajen juya bolt 220 na bango zuwa bolt 12 da mashin ke sha, mai tambarin 80 Plus aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja ne ke isa ga kaya, mai Gold kusan 90, sauran duk zafi yake zama. Da RX 580 kenan 185 da 65 da 40 ya ba ka 290, ka sa asara ya kai wajen 340, ka ɗora ekran 370. In kana wasa awa 4 kullum, awa 120 kenan a wata, 370 sau 120 ka raba da 1000 ya ba ka kilowat 44, irin wanda konter ke ƙirgawa (kWh). Da GTX 1650 lissafin kan tsaya wajen wat 240, kilowat 29 a wata. Yanzu ɗauko faktir ɗin NIGELEC na gidanku ka raba kuɗin da aka biya da yawan kilowat ɗin da aka ci, shi ne farashinka na gaskiya. Don sauƙin misali mu ce sefa 100 ne, to 4,400 kenan da 2,900. Amma ka tuna farashin hawa-hawa ne, in gida ya riga ya ci da yawa da firiji da fankoki to kilowat ɗin da ka ƙara a mataki mai tsada zai faɗa. Kuma in konter ɗaya kuke sha da ƴan haya ko Baba ne ke biya, ka je ka same shi tun da wuri kace Baba ga abin da zan ƙara ga kuma nawa zan riƙa sawa duk wata, ya fi a wayi gari faktir ta zo ana kallon-kallo a tsakar gida.

To ka ga bambancin faktir jika ɗaya da rabi ne, ba shi ne abin tsoro ba. Inda kuɗin yake a garin nan wurin kare mashin ne, kuma a nan nake so a natsu. Layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya ta Katsina ya biyo, kowa na tuna Agustan 2023 da aka yanke shi yadda muka sha, kuma ko a lokacin lafiya da zafi ya kama kowa ya kunna fanka da kilim wutar takan yi ƙasa ko ta tafi ta dawo. Don haka ondiler, akwatin nan mai batir da ke riƙe wa mashin wuta in an ɗauke, dole ne, kuma girmansa daga wat ɗin katinka yake fitowa. Lambar da aka rubuta a kwalinsa VA ce ba wat ba, mutane da yawa a nan suke faɗawa, 650 VA bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, 1000 VA wajen 600. Mai mashin 240 ƙaramin ya ishe shi, mai 370 ya riga ya kai bakin iyaka, yana cikin wasa a ɗauke wuta ondiler ya yi ƙara ya mutu tare da mashin, sai ya koma neman na 1000 ko 1500 wanda kuɗinsa ya ninka. Batirin cikin ƙaramin kuma 12 bolt 7 amper ne, wato wat 84 na awa ɗaya a takarda, ƴan mintoci ne da za ka ajiye wasanka ka kashe mashin lafiya, ba na ci gaba da buga ƙwallo ba ne, in ka riƙa tatse shi kullum ga zafin Damagaram a kai sai ka ga kana sake batir tun kafin shekara ta zagayo. In unguwarku wutar na yawan yin ƙasa sa regilater mai daidaita ƙarfin wuta a gaba.

Masu panno na hasken rana su ma ga nasu. Wasan awa 3 da dare a kan wat 370 ya haura kilowat 1, batir 12 bolt 200 amper kilowat 2.4 yake ɗauka kuma irin na dalma rabi kawai ake so ka sha in kana son ya yi ƙarko, ga asarar konbertiser mai juya wutar batir zuwa ta gida, wato batir guda sukutum wasanka kaɗai ya cinye, fitilu da fankar Inna ba su shiga ba. Ka nemi konbertiser mai tsaftatacciyar wuta da masu sayarwa ke ce wa pir sinis, alimantasiyon zamani da yawa ba sa jituwa da mai arhar nan.

Sannan zafi. Duk wat ɗin da mashin ta ci a ɗakin take fitar da shi, 370 kamar ka kunna ƙaramin risho ne ka rufe ƙofa, in har saboda haka ka kunna kilim to shi kaɗai wajen wat 1000 yake ja, ya ninka mashin ɗin kusan sau 3, nan faktir take tashi da gaske. Ɗora akwatin a kan tebur kar ka bar shi a ƙasa, bar masa fili a baya, lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina ka buɗe shi duk wata ka hure da sufler kana riƙe da fanka da yatsa kar ta yi ta juyawa, katin okaziyo kuma ka kai wa mai gyara ya sake masa pat termik, man nan da ke taimaka wa zafi fita.

Wurin sayen alimantasiyo kar ka yi ƙwauro ko kaɗan, sayi mai suna mai tambarin 80 Plus, wat 450 zuwa 550 ya ishi duk katunan matsakaicin nan, kuma girmanta ba shi ne abin da za ta ci ba, abin da kaya suka nema kawai take ja. In tsohuwa ce mai jan makunni a baya ka tabbata yana kan 230 ba 115 ba kafin ka jona. Mai mashin ofis irin Dell ko HP ƴan siraran nan, alimantasiyonsu ƙarama ce kuma sau da yawa ba a iya sake ta da ta kasuwa, gajeren kati mai wat 75 shi ne naka.

Akwai rangwamen da ba ya cin ko dala. In ekran ɗinka hoto 60 yake nunawa a sakan to ka ɗaure wasan a 60 cikin saitinsa, eFootball ko FC ba sa buƙatar kati ya yi ta haki yana zana 150 da ba za ka gani ba. Da manhajar MSI Afterburner kana iya rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80, ƙarfin da za ka rasa kaɗan ne amma za ka ji fanka ta yi shiru. Disk mai sauri na SSD da ƙarin RAM kuwa ƴan wat kaɗan ne, sa su ba fargaba.

Ƙanen nawa da muka sake haɗa masa, alimantasiyo mai kyau muka fara saya, wata na biyu ondiler, RX 580 ɗin da Allah ya sa ya tsira ya sayar ya ɗauki GTX 1650. Yanzu in an ɗauke kuran ondiler na ƙara sai ya ajiye wasansa ya kashe mashin ya fito waje shan iska, ƙarshen wata kuma jika 3 yake kai wa Baba.