Yadda za ka haɗa gasar CTF ba tare da yara sun gudu ba

In kana so ɗalibai su iya tsaron intanet da gaske, to ka bar su su fasa abu da hannunsu. Gasar CTF (Capture the Flag) ke nan, ana ɓoye wata kalma da ake ce wa flag a cikin shafi ko fayil, wanda ya tono ta ya ci maki. Tun 1996 ake yin ta a DEF CON, taron masana kutse da tsaron kwamfuta na Las Vegas a Amurka, amma fa kar ka ce irin tasu za ka fara, can kowane rukuni yana gadin sabarsa, wato babbar kwamfutarsa, yana kuma kai wa ta sauran hari, wannan sai manya. Kai ka jera tambayoyi kawai kowa ya zaɓi wadda zai iya.

Ka sauke CTFd, manhajar da ke jera tambayoyi tana lissafa maki, kyauta ce, ka ɗora a laptop ɗaya mai ƙarfi ka haɗa kowa a rawuta ɗaya cikin ɗakin, kar ka dogara da data wallahi za ta kunyata ka, kuma ka sayi man janareta tun jiya.

Inda ake faɗuwa shi ne tambayoyin. Ni da na fara nawa duk masu wuya na zuba don a ce na iya, aka kusa awa biyu allon maki fayau ba ko ɗaya, ana fita sallar azahar rabin ɗakin bai dawo ba. Yanzu flag ɗin farko cikin rubutun da aka gina shafin intanet da shi (source code) nake sa shi, mutum ya danna Ctrl+U ya gan shi, na biyu in juya shi zuwa base64, wani salon sauya rubutu mai sauƙin warwarewa, kafin a zo fayil ɗin da sai an buɗe da Wireshark, manhajar duba bayanan da ke yawo tsakanin kwamfutoci, sai shafin shiga mai raunin SQL, wanda ake yaudarar rumbun bayanansa a shiga ba kalmar sirri, sai guda ɗaya ta Ghidra, manhajar da ake tona cikin wata manhaja da ita, don masu ji da kansu. In dabara ta ƙare maka ka leƙa tambayoyin picoCTF, gasar ɗalibai ta jami'ar Carnegie Mellon.

Rukuni mutum 3 ko 4, ka cakuɗa gwanaye da sababbi. Ka rubuta musu ƙarara injinan da aka yarda a taɓa, sabar maki ba ta ciki, shafin makaranta ma haka, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ba ruwanta da "gwaji nake".

Kafin a raba kyauta, duk wanda ya warware tambaya ya fito gaban allo ya nuna yadda ya yi, ka ware wa wannan awa guda ko da za a rage lokacin gasar.