Kafin ka sayi tsohuwar birek mai gazuwal don zuwa aiki kullum

In kana kwana Damagaram kana aiki Takeita ko can wajen matatar SORAZ hanyar Tanut, wajen kilomita 50 zuwa 50 dawowa kullum, to birek, wato mota mai dogon baya, mai gazuwal ta fi maka, shan ta kaɗan ne kuma injin gazuwal doguwar hanya yake so. Amma in yawonka bai wuce Birni zuwa kasuwar Dole ba, ka haƙura da ita kawai.

Ni dai shawarata ka sayi injin da bakaniken unguwarku ya sani. Ɗauki Peugeot 406 birek, ta farko-farko mai 1.9 turbo famfon gazuwal ɗinta na ƙarfe ne, daga wajen 1999 aka koma injin HDi mai aiki da kwamfuta, ta fi daɗin tuƙi wallahi amma injekta ɗinta basa shiri da gazuwal mai datti ko mai ruwa, in kai mai sayen na kwalba ne bakin titi to ka shirya kuka. Marsandi 124 kuwa jaki ce, sai dai kayanta tsada. Ka fara tambaya ko ana samun kayan gyaran a nan ko sai an aika Kano.

Ranar dubawa ka yi sammako, ka dafa injin da hannu ka ji ko da sanyi, don dillalai sun iya ɗumama mota kafin ka iso. A tada ta gabanka. Ɗan baƙin hayaƙi lokacin da aka taka ba komai bane, shuɗi kuwa man inji take ci, fari da ya ƙi ɗaukewa sai ka zargi juwan kilas, wato gasket ɗin kan inji, ko injekta. Tana aiki ka buɗe murfin man inji, in hayaƙi na bugowa kamar tukunyar dambu injin ya gaji, ka yi sallama. Ruwan radiyato ma ka leƙa tun bata yi zafi ba, kar ka ga mai na yawo a kai.

Sannan ka hau kwalta da ita har Mirya ka dawo, kilim a kunne, idonka kan allurar zafi, motar da ta saba da sanyin Turai watan Afrilu na nan ne ke tona mata asiri. Lambar kilomita kam kar ta ruɗe ka, ana juya ta, dubi yadda sitiyari da feda suka cinye.

Lambar shasi ta dace da ta kartigiris, takardar duwan ta cika. Kuma ka rage kuɗi a aljihu don ranar farko, in Peugeot ce, za ka canza kuruwar distiribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita bawul da fistan, ko mai motar ya rantse sabuwa ce, in ta tsinke a hanya sai ta lanƙwasa bawul, ka haɗa da bidanji da filtar gazuwal da ta iska, ita ta iskar lokacin hunturu duk sati sai an kakkaɓe ta.