Darasi na Bakwai: Ɗura Gas a Abin Sha Cikin Tulun Ƙarfe

Kumfar da ke tasowa idan an buɗe lemon kwalba iska ce da ake kira kabon dayoksaid, ko CO2 a taƙaice. Wani Bature mai suna Joseph Priestley ne ya fara gano yadda ake shigar da ita cikin ruwa, a birnin Lids na ƙasar Ingila a 1767. Ya rataye kwanon ruwa a bakin kaskon da giya ke tsimuwa, ruwan ya sha iskar, ya yi ɗanɗano mai tsikarar harshe. Yau da tulun ƙarfe da tukunyar gas ake yin aikin a gida, ko ruwan soda ne, ko lemo, ko giyar da mai ita ya dafa da kansa. Hanyar ɗaya ce.

Tulun da aka fi amfani da shi ana ce masa Cornelius. Yana cin lita 19, kuma asalinsa na kamfanonin lemo ne. Yana da baki biyu a sama. Na shigar gas bututunsa gajere ne, na fitar abin sha kuwa bututunsa ya kai har gindi. Ka duba da kyau kafin ka jona tiyo, domin mai gaggawa yakan musanya su.

Bayan tulu kana buƙatar tukunyar CO2 irin ta abinci, da rigileta, wato na'urar daidaita matsin gas, mai agogo biyu (na farko na nuna matsin da ke shiga tulu, na biyu na nuna matsin cikin tukunya), da tiyo, da famfo.

Ka wanke tulun sarai, ka kashe ƙwayoyin cuta, sannan ka zuba abin sha a hankali ta tiyon da ya taɓa gindi, kada ya fantsama. Ka rufe murfi, ka buɗe gas, ka ja ɗan zoben da ke kan murfin. Za ka ji "fiss". Ka maimaita sau huɗu ko biyar. Wannan ne ke korar iskar waje da ta maƙale a sama, wadda ke sa abin sha ya yi lami.

To, ga inda zuciyar darasin take: sanyi. Ruwa mai sanyi ya fi shan gas, mai ɗumi kuwa tofar da shi yake yi. Shi ya sa lemon da ya kwana a rana yake ambaliya da an buɗe shi. Ka sa tulun a firiji har ya sauka zuwa digiri 3 ko 4 na ma'aunin Selsiyos. A wannan sanyin, ka saita agogon farko a kan psi 12 (psi ma'aunin matsin gas ne), ka bar shi mako ɗaya zuwa biyu. Ruwan soda ya fi son ƙarfi, wajen psi 30.

Akwai masu ɗaga matsi zuwa psi 30 su yi ta jijjiga tulu don a gama yau-yau. Yana yi, amma a ganina ba na ɗan koyo ba ne. Sau da yawa gas ɗin yakan wuce kima, ka buɗe famfo ka tara kofi cike da kumfa, abin sha bai kai yatsa biyu ba. Gajeren tiyon famfo ma yana jawo haka. Siriri mai tsawon mita 3 ya fi kwantar da kumfa.

Ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowace mahaɗa. Inda ka ga ƙwan sabulu yana kumbura, nan ke yoyo, kuma yawanci zoben roba ne ya tsufa.

Tukunyar gas a tsaye ake ajiye ta, a ɗaure, nesa da zafi. Agogonta na biyu yakan tsaya wajen psi 800 har sai ta kusa ƙarewa, saboda gas ɗin a ruwa-ruwa yake a ciki. Kada ka yarda da shi. Ka ɗora tukunyar a sikeli, nauyinta ne zai nuna maka gas ɗin da ya rage. Kuma CO2 ba shi da launi, ya fi iskar shaƙa nauyi, ƙasa yake kwanciya. Idan ka shiga ɗakin ka ji kai na sarawa ko numfashi na sauri, ka fita nan take, ka bar ƙofa a buɗe.

Aiki: ka zana tulun a littafinka, ka nuna bakin gas da bakin abin sha, ka rubuta tsawon bututun kowanne.