Yadda ake sauraron mai damuwa bisa tsarin Carl Rogers

A tsakiyar ƙarni na 20, ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka ya rabu gida biyu. Almajiran Sigmund Freud suna tono abin da ya kwanta a zuciya tun ƙuruciya, mabiya B. F. Skinner kuma suna ganin lada da horo ne ke sassaƙa ɗabi'a. Sai Abraham Maslow da Carl Rogers suka buɗe hanya ta uku, wadda ta ɗauki mutum a matsayin mai zaɓi, mai neman bunƙasa da kansa. Rogers, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1987, yakan kawo misalin dankalin da ake ajiyewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu lokacin sanyi. Babu ƙasa, babu rana, amma sai ya fid da tsiro fari siriri yana miƙewa wajen 'yar tagar da haske ke shigowa. Haka yake kallon mai damuwa: ko a mummunan yanayi yana neman haske, aikin mai taimako shi ne gyara yanayin.

A 1957 ya zayyana sharuɗɗa 6 da ya ce sai da su mutum ke sauyawa a zaman shawara. Uku suna wuyan mai sauraro: fahimtar mutum kamar kana cikin halin da yake ciki, karɓarsa ba tare da gindaya sharaɗi ba, da kuma zahirinka ya dace da baɗininka. Ga yadda malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya ko jami'in walwala zai yi aiki da su.

Ka fara da wurin zama. Kujeru biyu masu tsayi ɗaya, babu tebur a tsakani, a ɗan karkace su don kada ku yi gaba da gaba kamar a ofishin 'yan sanda. A kashe waya. Zama ɗaya minti 50 ne a al'ada, sau ɗaya a mako, kuma ka faɗi lokacin tashi tun farko. Nan take ka bayyana iyakar sirri: abin da aka faɗa ba zai fita ba, sai in akwai haɗari ga rayuwarsa ko ta wani. Wanda ya bar wannan bayani sai ranar da matsala ta taso, za a ɗauke shi maci amana.

Buɗe zancen da tambaya guda: “Hajiya, daga ina kike so mu fara?” Daga nan ka bi ta, kada ka ja ta.

Mafi wuya shi ne mayar wa mutum da abin da ka fahimta. A ce ta ce: “Kowa a gidan nan ni yake jira, amma babu mai tambayar yadda na kwana.” Abin da zai fara zuwa bakinka shi ne “Ki yi haƙuri, haka zaman aure yake.” Haƙuri abu ne mai daraja, sai dai in ya zo a minti na biyu, abin da za ta ji shi ne a rufe maganar, kuma ta riga ta ji shi daga mutum goma kafin ta iso gare ka. “Me ya sa ba ki gaya wa maigidan ba?” ita ma ba ta da amfani, domin tambayar “me ya sa” tana sa mutum kare kansa. Abin da ake so ya yi kama da wannan: “Kamar dai kina ɗawainiya da kowa, ke kuma an manta da ke. Nan ne ciwon yake, ko ban fahimta ba?” Ka lura da abu uku a jimlar. Ta taɓo abin da take ji, ba labarin kawai ba. Ba ta wuce abin da matar ta nuna ba. Ta kuma bar ƙofar gyara a buɗe. Idan ta ce, “A'a, ba mantuwar ba ce, gajiya ce,” ba ka faɗi ba, ita ce ta ƙara gane kanta. A ƙarshen rayuwarsa Rogers ya koka cewa an mayar da wannan hanya maimaita magana kamar aku, alhali shi gwada fahimtarsa yake yi, ya ji ko ta yi daidai. Mai maimaita kalmomi tsagwaronsu, cikin minti kaɗan za a gane shi, a yi shiru a ƙyale shi.

Shiru ma aiki ne. In ta tsaya, ka ƙirga zuwa 10 a zuci kafin ka ce uffan, sau da yawa maganar da ta fi nauyi bayan shirun take fitowa. Littattafan horo na Turai suna yawan cewa a haɗa ido, amma matashin da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi yake yi, kada a fassara shi da ɓoye gaskiya.

Karɓar mutum ba tare da sharaɗi ba ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ta nufin ka yarda da duk abin da ya aikata. Ɗalibi ya ce maka yana shan kodin, ba za ka yaba ba, amma fuskarka ba za ta sauya ba, muryarka ba za ta koma ta alƙali ba. Dalilin yana cikin yadda Rogers ya fahimci ginuwar hali. Yaron da ya ga ba a sakar masa fuska sai ya zo na ɗaya a aji, yakan koyi binne duk ɓangaren kansa da ba a so, har tazara ta buɗe tsakanin yadda yake da yadda yake ganin dole ya zama. Wannan tazarar ce ke haifar da zullumi. In ya faɗi abin da ya fi jin kunyarsa bai ga an guje shi ba, sai ya sami ƙarfin duban abin da kansa. Tsaki ɗaya ya isa ya rushe aikin makonni.

Gaskiyarka kuwa, in hankalinka ya tafi wani wuri, ka ce, “Gafarta mini, na rasa zaren maganar, maimaita mini.” Ya fi gyaɗa kai na ƙarya. Amma wannan ba lasisin kwashe labarin rayuwarka ka zuba masa ba ne.

Za a tambaye ka, “Malam, to me zan yi?” Kada ka noƙe kamar mai rowa. Ka ce, “Mu duba tare. Waɗanne hanyoyi ka riga ka yi tunani a kai?” In bayani ne ya rasa, kamar inda ake gwajin jini ko yadda ake sake jarrabawa, ka ba shi kai tsaye. Hukuncin rayuwarsa ne kawai za ka bar masa. Maslow, a bayaninsa na 1943 kan matakan buƙatun ɗan Adam, ya sa abinci da tsaro a gaba da neman cikar kai. Don haka wanda bai ci ba tun jiya, ko wadda ake duka a gida, a fara da wannan.

Akwai inda sauraro kaɗai bai isa ba. In mutum ya ce ya gaji da rayuwa, ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, ko ya shirya yadda zai yi. Tambayar ba ta cusa tunanin, kuma in ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai. Haka wanda ke jin muryoyin da babu mai ji, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana sambatu. Waɗannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, irin na asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri.

Saura minti 5 ka sanar cewa lokaci ya kusa, ka bar shi ya faɗi abin da zai tafi da shi. Sannan ka binciki kanka. Tun farkon shekarun 1940 a Jami'ar Jihar Ohio, Rogers da ɗalibansa suke ɗaukar sautin zaman shawara a faifai, su rubuta shi, su bi shi layi-layi, abin da ba a saba yi ba a lokacin. Kai ma, da izinin mai maganar, ɗauki zama guda ka saurara tare da wanda ya fi ka gogewa. Ƙirga sau nawa ka katse shi, sau nawa ka ba da shawarar da ba a nema ba, da wanda ya fi yawan magana a cikinku. In kai ne, a zama na gaba ka rage tambayoyinka zuwa rabi.