Yadda ake hawa Borobudur ba tare da an tsallake labarinsa ba

A zuwana na farko gaggawa ce ta cuce ni. Na kama matakala na miƙe har ƙololuwa, na ɗauki hotuna, na sauko ina haki, a zatona na gama. Sai a karo na biyu na gane cewa Borobudur, tsohon wurin ibadar mabiya addinin Buddha da ke tsakiyar tsibirin Java a Indunusiya, ba shi da ɗakin da ake shiga ko guda. Tudu ne aka lulluɓe da duwatsu kusan miliyan biyu, an sarƙa su da juna babu siminti, wajajen shekara ta 800 a zamanin sarakunan Sailendra. Da ƙafa ake karanta shi.

Ka baro birnin Yogyakarta da sassafe, tafiyar wajen kilomita 40 ce. Ka tanadi tikitin hawa tun da wuri domin an ƙayyade yawan masu hawa a rana, kuma za a ba ka wani takalmi mara nauyi, upanat, saboda tafin takalma ya cinye matakalun.

Kafin ka hau, ratsa kusurwar kudu maso gabas. A gindin ginin akwai sassaƙe 160 da ke nuna aiki da sakamakonsa, waɗanda magina suka rufe da wani sabon tushe, ba a sake ganinsu ba sai a 1885. Kaɗan aka bari a buɗe a wannan kusurwa, kuma yawancin baƙi wuce su suke yi.

Daga nan ka shiga ta ƙofar gabas, ka juya hagu, bango yana damanka. Idan ka bi ta ɗaya hannun, labarin daga ƙarshe zai zo maka. A lungun da ya zagaye hawa na farko ka sa ido kan layin sama na bangon ciki: alluna 120 ne na rayuwar Buddha, tun kafin haihuwarsa har wa'azinsa na farko. A nan na fi daɗewa, kuma gaskiya ba manyan mutanen ne suka riƙe ni ba, gefen hotunan ne: manomi da shanun huɗa, makaɗa, birai a kan bishiya, da jiragen ruwa masu filafilai da katakon daidaito a gefe. Su masassaƙan, labarin Indiya suke bayarwa, amma Javar da suka sani suka zana. Allunan duka 2,672 ne, kada ka ce sai ka ga kowanne. Ka gama zagayen hawa ɗaya kafin ka taka na gaba.

In ka rikice, dubi hannun gumakan da ke cikin kogunan bango. Na gabas suna taɓa ƙasa, na kudu sun buɗe tafi kamar mai kyauta, na yamma sun ɗora hannuwa a cinya, na arewa sun ɗaga tafi. Cikin gumakan Buddha 504 na ginin, da yawa ba su da kai. Wasu kawunan suna gidajen tarihi na ƙetare.

Ka kuma lura da indararon dutse masu siffar dodo a kusurwoyi. Ruwan sama shi ne babban abokin gabar ginin. Bayan Raffles, gwamnan Birtaniya a Java, ya sa an sare dajin da ya binne shi a 1814, da gyaran da injiniya ɗan Holan Van Erp ya yi daga 1907 zuwa 1911, bangaye sun ci gaba da karkacewa, har gwamnatin Indunusiya da UNESCO suka kwance duwatsu sama da miliyan tsakanin 1975 da 1982, suka shimfiɗa magudanai a ciki, suka mayar da kowanne mazauninsa.

Bayan lungunan nan masu matsi, kwatsam sai ka fito fili: da'ira uku, babu sassaƙe ko ɗaya, sai hasumiyoyi 72 masu kama da ƙararrawa a kife, 32 da 24 da 16, kowacce da gunki a ciki. Leƙa ta ramukan, amma kada ka zura hannu, an hana. Idan gari ya washe, dutsen Merapi mai aman wuta yana can gabas, shi ne ya zuba wa wurin toka a 2010.