Yadda na gyara binciken da ke jan ƙafa a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai

Ina cikin atisayen jarrabawar AWS (sabis ɗin girgije na Amazon) sai neman odar kwastoma ɗaya a rumbun bayanaina na RDS (sabis ɗin rumbun bayanai na AWS) ya riƙa tafiyar hawainiya. Da na sa EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda ake gudanar da bincike, sai ga Seq Scan, wato layi-layi yake bin teburin kaf.

Abin haushi, akwai indeks (jadawalin da ke hanzarta nema) mai ginshiƙi biyu, amma kwanan wata na sa a gaba. Ashe jerin ginshiƙan ne matsalar. Na gina sabo, lambar kwastoma a farko tunda ita ake nema daidai, kwanan wata a bayanta. Na haɗa da CONCURRENTLY don kada rubutu ya tsaya, sannan ANALYZE don sabunta ƙididdigar teburin. Nan take binciken ya koma Index Scan, wato ta indeks yake bi. Tsohon kuwa na goge shi, nauyi kawai yake ƙara wa INSERT, wato shigar da sabbin layuka.